Yadda Ake Kwance wa Mai Fushi Ɗamara

Na ga mutanen Jabo masu masauki, na ga waɗanda suka taso daga wajen Dogon Daji da Sanyinna, ga kuma baƙinmu na Kebbe da Kuchi da suka yi sammako.

A zaman da ya wuce mun yi maganar zubi, da littafi, da tara. Na yau a kan fuska ne da harshe. Duk wadda ta yi shekara guda cikin ƙungiya ta san ɓarawo bai cika watsa adashe ba. Abin da ya fi watsa shi shi ne rana ɗaya da aka yi musayar baƙar magana a gaban mutane, wadda aka faɗa wa ta miƙe ta kaɗe zane ta ce ita da ƙungiyar nan har abada. Sati mai zuwa ƙanwarta ba ta zo ba. Na gaba maƙwabciyarta ta aiko da uzuri. Kafin a kai ranar rabo, mata ashirin da biyar sun koma goma sha shida, bashin da ke hannun waɗanda suka fita kuma ya zama abin kai ƙara wajen mai unguwa.

Akwai kalma guda ta Turanci da nake so in aro muku yau, saboda hoton da ke cikinta. Kalmar ita ce disarming. Ba sai kun riƙe ta ba, ma'anar nake so ku tafi da ita gida. Asalinta maganar yaƙi ce: a raba mutum da makamin da ke hannunsa, abin nan da kuke ji a rediyo ana cewa kwance ɗamara. Sai Turawa suka ɗauko ta daga fagen fama suka kawo ta wajen halin mutum. Sukan faɗe ta a kan murmushi, ko a kan yadda wani yake magana, ko a kan gaskiyar da mutum ya faɗa game da kansa ba tare da an matsa masa ba. Suna nufin mutum ya zo miki da fushi ko da zargi, ya ɗauro ɗamararsa tun daga gida, sai kika tarbe shi ta yadda ya rasa abin da zai yi da makamin, ya ajiye.

Abu biyu za ku lura da su a nan. Ba a faɗin kalmar a kan wanda dama yana sonki. Sai akwai mai fushi ko mai zargi a gabanki. Sannan ba ke ce kike ƙwace makamin ba. Mai shi ne yake ajiyewa da hannunsa, sau da yawa ma bai san lokacin da ya ajiye ba.

Mu a Hausa muna da kalmomi da yawa da ke kewaye da wannan abu, kowace da gurbinta. Fara'a ita ce sakin fuska ga kowa, ko da rigima ko babu. Farin jini kuwa baiwa ce, wata tana da shi tun tana goye, shi ya sa har ake yawon nemansa wajen masu magani. Kwarjini yana sa a yi shiru a gabanki, amma fushin yana nan cikin ciki, ana fita zaure za a amayar da shi. Lallashi yakan zo ne bayan an riga an ɓata. Daɗin baki kuma, kun san in an ce wance tana da daɗin baki, rabin yabo ne rabin kashedi. Abin da ya fi kusa da kalmar tasu shi ne abin da mai fushin take faɗi da bakinta bayan ta koma gida: "Wallahi da zafi na tafi, amma da ta yi min magana sai jikina ya yi sanyi." Ko ta ce, "Ta ɗaure ni da jijiyoyin jikina." To wannan sanyin jiki shi muke magana a kai. Kuma ana koyonsa kamar yadda ake koyon suyar ƙuli-ƙuli. Wadda ba a haife ta da farin jini ba ma tana iya ƙwarewa a kai.

Ku tuna ranar da kuka taɓa tafiya gidan wata don ku yi faɗa. Ai tun a hanya kike shirya magana: in ta ce kaza in ce kaza, in ta musa in tuna mata abin da ta yi ranar sunan wance. Duk shirin nan an gina shi ne a kan cewa za ta tare ki da irin abin da kika zo da shi. In ta yi hakan, shi ke nan, wuta ta samu kara. Amma in kika iske ta taso da sauri ta shimfiɗa miki tabarma, ta kawo ruwa, ta ce "Yaya, gara da kinka zo, dama ina jin nauyin in iske ki," duk maganar da kika jero a hanya ta rasa wurin zama.

Bari mu kawo shi cikin zamanmu na sati. An buɗe akwati, masu ƙirga suna ƙirga, sai ga wata dattijuwa ta ɗaga littafinta sama: "Wa ya taɓa min littahi? Sati ukku ina zuba hannu biyar-biyar, ga shi wanga sati huɗu anka buga min! Ku yara kun ga ba mu yi boko ba, shi ya sa." Kowa ya yi tsit, ido ya koma kan magatakarda. Yarinya ce, ta yi sakandare, ta san aikinta, kuma an kira ta ɓarauniya a gaban surukarta. Abin da zai fara zuwa bakinta shi ne, "Ni ban taɓa cin kuɗin kowa ba, a tambaya." Gaskiya ta faɗa, amma ta ɗauki nata makamin, yanzu sai a yi ta.

Ga wata amsar: "Inna, taso ki zauna nan kusa da ni. Gara da kinka duba. In kuskure ne daga wajena, yanzu a gyara shi a gaban kowa." Sai ta miƙa littafin ga masu ƙirga, a kira abin da aka tara wancan sati da ƙarfi kowa ya ji, a gwada da tambarin da ke littattafai. Ku duba abin da ta yi. Ta kira ta da sunan girma. Ta matso da ita kusa, don da wuya ki yi wa mutum ihu kafaɗarki na gogar tasa. Ta yaba mata a kan duba littafi, wanda dama shi muke roƙon kowa ta yi. Sannan ta buɗe ƙofar cewa ita ma tana iya kuskure. Wannan na ƙarshe shi ya fi aiki, shi ya kuma fi wuya, domin zuciya ba ta so.

Saura wuri ɗaya da mata da yawa suke zubar da abin da suka tara. An ƙirga, ta tabbata huɗu Inna ta zuba, ta manta ne ta cire naira 500 ta sayi maganin jika a hanya. Kada wadda ta ce "To kin gani ko?" Kada a yi dariya, kada a haɗa ido ana taɓe baki. Magatakarda ta ce, "Alhamdu lillahi da munka duba, kowa hankalinsa ya kwanta," shugaba ta kira suna na gaba. Wanda ya ajiye makami, in kika kunyata shi, gobe da wanda ya fi shi kaifi zai dawo.

Yanzu bashi, wanda shi ne uwar rigima. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kun tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, mace tana da kaya a ƙasa ba mai saye da kuɗi a hannu. A watannin nan har masu ƙoƙarin cikinmu sun makara da biya. Na kawo wannan ne don wadda ba ta taɓa makara ba ta san sa'a ma tana cikin abin.

A ce wata ta ɗauki naira 20,000 ta sayi shinkafa shanshera za ta turara ta sayar. Yaro ya kwanta, aka kai shi asibiti Tambuwal, rabin jarin ya tafi can. Wa'adi ya cika, ta biya 12,000, saura 8,000, ta daina zuwa zama. In kun aika yaro ta ce ba ta nan. In kun haɗu wajen biki ta riga ku ɗaure fuska, har ta fara yaɗa cewa shugaba tana fifita danginta. Ku gane, wannan mata kunya ce take cinta, faɗan kuma shi ne zanen da ta samu ta rufe kunyar. In kuka je mata ku biyar da littafi a hannu, kuka tsaya tsakar gida kishiya tana daka tana saurare, kun tilasta mata ta yi faɗa, don ba ta da wata hanyar tsira da mutuncinta.

Mata biyu sun isa. A zaɓi lokacin da gida ya yi sauƙi, a yi sallama, a shiga ɗaki. A yi gaisuwa cikakkiya, irin tamu ta Sakkwatawa da ba a gaggawa, a tambayi mai jiki da sunansa, a saurari labarin asibiti har ƙarshe ko da an san shi. Wannan sauraron kada ya zama dabara. In dabara ce za ta gane, don labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ba macen da ba ta san yaƙe in ta gan shi ba. In ba za ki iya jin tausayinta da gaske ba, ki bari a aiki wata.

Bayan nan sai a faɗi abin da ya kawo ku, a fili, da adadi. Nan ne masu kirki suke faɗuwa. Sun yi gaisuwa, sun sha fura, an yi dariya, sai nauyin baki ya kama su, su tashi ba su ambaci kuɗi ba, su dawo su ce wa ƙungiya "ta ce za ta kawo." Ba a yi komai ba ke nan. Abin da ya kamata a ce shi ne: "Wance, mun san abin da ya same ki, ba wadda ta ce kin ci amana. Saura 8,000, kuma kuɗin marayun wance na ciki, na Inna na ciki. Ranar rabo saura wata biyu. Ke za ki faɗa muna yadda za ki iya, mu kai ma ƙungiya." Sai ku yi shiru ku bar ta ta yi lissafinta. In ta ce 1,000 duk sati, a kai gaban zama, a amince ko a gyara, a rubuta. In dokarku ta yarda a taimaka mata daga asusun jinƙai saboda rashin lafiyar yaron, wannan ma a zama za a yanke shi, kada ku yi mata alkawarinsa a ɗaki. Kuma ranar da ta dawo zama, a matsa mata wuri a tabarma kamar jiya ta tashi.

Wa za a aika? Nan muna da abin koyi a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, tana ba kowace malfa alamar jagoranci. Dattijan mata ta riƙa zaɓa, su ke jagorantar tafiya daga ƙauyuka zuwa wajenta, su koma su karantar da matan da ke cikin gidaje. Ni a ganina hikimar a bayyane take: tsohuwa mai mutunci tana shiga kowane gida ba wanda zai tashi tsaye, tana kuma faɗin magana mai ɗaci a haɗiye. Kowace ƙungiya a nan tana da irin wannan uwa. Sau da yawa ba ita ce shugaba ba, ba ta iya karatun boko ba, hannu ɗaya take zubawa. Ku neme ta, ku san darajarta. Wadda kuma take da tsohuwar jiƙaƙƙa da mai bashin, ko ita ce ma'aji, ta zauna gida.

Sai maganar mazaje. Akwai maigidan da zai ce matarsa ba za ta ƙara zuwa ba. In kun bincika, ɗaya daga cikin abu uku ne yake tsoro: ko ana raba kuɗin Turawa ne da wata manufa a ɓoye, ko za a koya wa matarsa raina shi, ko kuma za ta ciwo bashin da zai dawo kansa. Kada a aika masa da saƙon cewa ai zamani ya canza. A bi ta hannun mahaifiyarsa ko yayarsa, ko dattijuwarku ta tsaya bakin zaure ta gaishe shi da sunan babban ɗansa. Sannan ta riga shi faɗin abin da yake tsoro: "Malam, na san ana cewa kuɗi ake ba mu. Ko sisi ba wanda ya ba mu. Akwati da littafi da koyarwa aka kawo muna, abin da ke ciki guminmu ne. Ga littafin iyalinka, duba." Mutum in ya ɓoye zargi a ciki, kika fito masa da shi fili da kanki ba tare da fushi ba, kin karɓe masa sanda. In yana da tambaya a kan halacci ko haramcin wani abu a dokarku, kada ku yi gardama da shi, ku ce a je tare a tambayi liman. In ya ce abin na baƙi ne, a gaya masa irin wannan adashe mai akwati a ƙasar Maraɗi ya fara, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauye Hausawa irinmu, sunansa ma na Hausa ne, Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Wata za ta ce, shi da ya yi mana rashin mutunci, mu ne kuma za mu sassauta murya? Malamanmu suna karantar da mu cewa da aka aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wajen Fir'auna, umurtar su aka yi da su yi masa magana mai laushi. Mijin wance dai bai kai Fir'auna ba. Kuma laushin bai hana su isar da saƙon da aka aiko su da shi ba.

A zamaninmu ma an ga irin haka. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya yi shekara 27 a kurkuku a hannun gwamnatin wariyar launin fata. A ciki ya koyi harshen masu tsaronsa, yana yi musu magana da shi. Da ya zama shugaban ƙasa, a 1995 ya tafi takanas garin Oraniya ya sha shayi da tsohuwar matar Verwoerd, mutumin da ake kira maginin mulkin wariyar. Mutanensa da yawa ba su ji daɗi ba. Shi kuwa ya san akwai masu bindiga da ke jiran ya nuna ƙiyayya su samu dalili, ya hana su dalilin. Mulkin kuma bai mayar musu ba.

Muna da wani makami na kwance ɗamara da Turawa ba su da irinsa, wato wasan taubasantaka. Ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi. A Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin abubuwan gadon duniya a 2014. Kun sha gani, zama ya yi zafi, sai taubashiyar mai faɗan ta ce, "Ku ƙyale baiwata, yunwa ce, tun safe ban ba ta dawo ba," a fashe da dariya, ita kanta mai faɗan ta rufe baki da gyale. Wannan alheri ne, in kuna da masu wasa a ƙungiya ku zaunar da su kusa da juna. Sai dai a kiyaye. Wasa na mai wasa ne; in wadda ba ta da wannan hurumi ta gwada, zagi ne. Kuma ba a wasa da abin da ke yi wa mutum ciwo a ranar: talaucinta, rashin haihuwarta, sakin da aka yi mata, ko bashin da ake magana a kai.

To, yanzu ku gyara zama, don kalmar nan tana da baki biyu. Su kansu masu harshen, in sun ce murmushin wane yana kwance ɗamara, wani lokaci kashedi suke yi. Wanda aka raba da makami ai ya zama ba shi da abin kare kai. Akwai ɗamarar da ya kamata a kwance, ita ce fushi da zargin banza. Akwai kuma wadda ba a kwancewa ko ga wa, ita ce dokar akwati.

Macuci bai taɓa zuwa da ɗaurarriyar fuska ba. Wasu cikinku sun ji labarin MMM, wadda ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, dukiya mai yawa ta salwanta. Ba da bindiga aka karɓi kuɗin nan ba. 'Yan'uwa da abokai ne suka shigar da juna, da fara'a, da "ai ba zan cuce ki ba." Irinsu ba su ƙare ba, suna kuma zuwa ƙauye: mai cewa a kawo kuɗin fom za a ba da tallafi, mai cewa a ba shi abin da ke akwati ya juya shi a kasuwar Jega ya dawo da ninki, mai cewa ku faɗa masa lambar sirrin katinku ya taimaka muku wajen cirewa. Zai gaishe ku da sunayen 'ya'yanku. Zai ce shi ma maraya ne. Zai ma faɗi wani ɗan aibinsa don ku ce kai, wannan mai gaskiya ne.

Na waje ma da sauƙi. Mai wuyar ita ce ta cikin gida. 'Yar ƙungiya ce, kowa na sonta, ita ke sa mu dariya. Ta zo wa mai ajiyar akwati da dare: "Yaya, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Dubu biyar kawai, kafin ranar zama na maido, ba wanda zai sani. Na riga na yi magana da masu makulli, sun ce in ke kin yarda." Ta je wa masu makulli ta faɗa musu haka nan. Ba lalle muguwa ce ba, wataƙila matsuwa ce ta gaske. Amma ranar da aka buɗe akwati ba a gaban kowa ba, ƙungiya ta mutu, saura jana'iza. Dalilin da ya sa aka yi kwado uku, makulli uku a hannun mata uku, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu, ke nan: an san kowace ɗayanmu akwai mai iya sanyaya mata jiki. Da wuya dai mutum ɗaya ya sanyaya na mata huɗu a dare ɗaya, in kowace ta tsaya.

Ga yadda za ki gane wace iri ce ta same ki. Bayan mai maganar ta tafi, ki tambayi kanki, me na ajiye? In fushi kika ajiye, kin ci riba. In kuwa doka kika ajiye, ko kika yi alkawarin abin da ba za ki iya faɗa a gaban zama ba, to an yi miki sata ne ko da kuɗin bai fita ba tukuna. Alama ta biyu ita ce gaggawa da sirri: yau-yau, kuma kada kowa ya ji.

Ƙin yarda kuma ba ya bukatar ɗaure fuska. Ki riƙe hannunta ki ce, "Wallahi na ji matsalarki, kuma ba za ta fita bakina ba. Akwati dai ba nawa ba ne, ba ni da iko da shi. In abin ba zai jira ba, mu je wajen shugaba a kira zaman gaggawa gobe da safe, ni zan fara goya miki baya. Ga mudun gero daga nawa ki kai gida." Kin ba ta abin da yake naki, kin hana ta abin da ba naki ba. Fuska a sake, akwati a kulle.

Abu na ƙarshe, shugabanni nake wa. Kada a mayar da sakin fuska murfin rufe gaskiya. In mace ta kawo kuka na haƙƙi, ta ce kuɗi sun yi ƙasa ko an tsallake ta a layin bashi an ba 'yar'uwar shugaba, ba a sallamarta da murmushi da "yi haƙuri, ai duk ɗaya muke." A sanyaya ta, sannan a ƙirga. Na lura a ƙungiyoyi da yawa, amarya da bazawara da wadda ta fi kowa talauci su ake ta cewa su yi haƙuri, masu hannu biyar kuma su ake lallashi. Wannan ba daidai ba ne, kuma suna gani. Haka nan abin da na faɗa yau na rigimar cikin ƙungiya ne da ta maƙwabtaka. Macen da ake duka a gida, ko wadda aka yi wa barazana, ba za mu ce mata ta je ta gyara murmushi ba. Wannan magana ce ta waliyyanta da hakimi da hukuma, kuma ƙungiya ta raka ta.

Yanzu ku kasu uku-uku. Ɗaya ta zama mai bashin da ke ɓuya, biyu su zama 'yan aike. Mai bashi, ki yi faɗa da gaske, kada ki sassauta musu don kuna dariya. 'Yan aike, ba za ku tashi ba sai kun ambaci adadin kuɗin da bakinku, ita kuma ta faɗi ranar biya da bakinta. In an gama sai a juya: ɗaya ta zama mai daɗin bakin da ta zo da dare, ɗaya mai ajiyar akwati, ta ukun ta zauna gefe ta lura da daidai kalmar da ta sa mai akwatin ta fara lanƙwasa, ta faɗa mana in mun dawo. Mutanen Kebbe da Kuchi, kada ku haɗu wuri ɗaya, ku shiga cikin na Jabo. Inna, ke zo nan ki zama mai bashina. Bismillah.